Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya, Mu Kuwa Ranar Muke Neman Wuƙa

Shiga duk gidan da ka ga dama a unguwar nan ka tambaya ko akwai abin da aka ajiye saboda wata rana, kafin ka rufe baki za a ce maka, “Ina fa! Mu da muke hannu baka hannu ƙwarya?” Maigida zai faɗa, uwargida ta maimaita, har tsohuwar da ke lazimi a kan buzu sai ta gyaɗa kai. Amma bari ruwa ya kwana uku yana tsugawa, ko a wayi gari an sa dokar hana fita, sai ka ga hayaƙi na tashi a gidan nan da aka rantse maka babu komai, ƙamshin daddawa na tsallake katanga. Daga ina? Daga ƙarƙashin gado, daga bayan ƙyaure, daga cikin kwallar nan ta can ƙasan jere wadda kowa ya ɗauka ta ado ce. Mu mutanen tanadi ne tun kaka da kakanni, sai dai ba ma son a sani, kuma ba ma son a ce tsoron wani abu ne ya sa.

Gwada tayar da zancen a majalisa bayan sallar isha'i. Ka ce jama'a, ya kamata kowa ya ɗan aje abin da zai riƙe gidansa wata biyu ko uku, don ba a san abin da gobe za ta haifa ba. Nan take za a yi maka caa: “Kai Malam, daina yi mana mugun baki! Bakin da Allah ya tsaga ai ba ya hana shi abinci.” Kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ne wanda daren jiya mai adaidaita ya sauke masa buhu biyu bayan ƙafa ta ɗauke. Da dare muke shigar da buhu, dukanmu. Wani ya ce gudun baki ne, wani ya ce gudun ido, amma in ka bi diddigi har da kunya, don ba ka son maƙwabcin da bai ɗora tukunya ba ya ga buhu na wucewa ta ƙofar gidansa. Shi kuwa tawakkali bai taɓa hana tanadi ba, kowa ya sani. Tun muna makarantar allo muke jin labarin Annabi Yusuf, alaihis salam, da shawarar da ya ba mutanen Masar: a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura saboda shekaru bakwai na wuya. Malamai kuma sun sha gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan tanadar wa iyalansa abincin shekara.

Kakanninmu ba wasa suka ɗauki wannan abu ba, don sun ga jiya. Sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ga abin da ya faru a 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa sun haɗu a kan amfanin gona. Shi ya sa a ƙauye darajar magidanci a rumbunsa take. Rumbu a ɗora shi kan duwatsu don kada gara da laima su kai gare shi, a yi masa jinka, a jera damman gero da na dawa ba tare da an sussuka ba, saboda hatsin da ke zangarniyarsa ya fi daɗewa. Akwai rumbun da ake ci kullum, akwai wanda ba a taɓawa sai damina ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga noma na neman ƙarfi. Ba kowa ke leƙa rumbu ba, ko matar gida sai a yi shekara ba ta san inda hatsi ya tsaya ba, dami kawai ake fito mata da shi. Magidancin da ya kai sabon gero da sauran tsoho a rumbu, shi ake nunawa da baki a ce wane ya iya riƙon gida.

Mu jikokinsu mun gaji son tanadin, mun bar haƙurin a ƙauye. Dubi yadda muke yi da kaka. Hatsi ya shigo, kasuwar Dawanau ta cika ta batse, motoci na shiga na fita, farashi ya sauko ƙasa warwas, wannan ne lokacin da mai hankali ke saye. Mu kuwa lokacin ne muke sayarwa, don an sa ranar auren Ladidi, ga kayan ɗaki, ga gara, ga anko, ga babur ɗin da yaro ya ƙwallafa rai a kai. Sai watan Yuli ya kama, Agusta ya rufa masa baya, a ga mutum da kwano a gaban ɗan kasuwar da ya saya a hannunsa, yana ciniki a kan geron da shi ya noma da guminsa, farashi ya yi sama. Ya dawo gida yana cewa 'yan kasuwa ba su da tsoron Allah, baɗi kuma da kaka a sake kwatawa. Mu ma'aikata na birni kada mu yi dariya, mu ne muke cewa, “Bari dai ya ƙara sauka,” har ya fara hawa, sannan mu ruga a guje.

Mun iya karin maganar nan ta fafe gora, ba mai raba mu da ita, amma a aikace ranar tafiyar ce muke cigiyar wuƙa. Ku tuna watan Afrilun 2020, da aka ce za a kulle Kano saboda korona, ga azumi ya ƙarato. Ranar jajiberin kulle, Kasuwar Singa da 'Yankaba ba masaka tsinke, an ce a guji cunkoso, mu kuwa muka haɗa cunkoson da ba a taɓa gani ba don gudun cunkoso. Kuma me aka sayo? Wani ya dawo da katan ɗin taliya uku ba gishiri, wani buhun shinkafa ba gawayi, wani ya jibgo ɗanyen tumatir kwando guda, kwana huɗu ya narke. Aka zo farkon 2023, canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki amma mai kayan miya ta ce ita ba ta san wani tiransifa ba, mai POS ya zama sarki, sabis ya ɗauke. A kwanakin nan ne aka san maci tuwo, don miya ta ƙare. Gidan da ke da gero da wake da kuka a ajiye bai san layin banki ba sai a labari. Duka muka yi alƙawarin daga yau an daina sakaci. Da abubuwa suka lafa, alƙawarin ya bi ruwa.

Sai dai kada a ce ba ma ajiya. Muna yi, har ta yi yawa. Ɗaga katifar kowace uwa a unguwar nan, za ka tarar da ledojin da za su isa buɗe shago, an linke su tsaf. Leƙa sito, ga gwangwanayen madara ba komai ciki, ga robobin fenti, ga kwalaben da aka wanke tun bikin wance, ga fitilar ƙwai da gilashinta ya fashe, ga tocila huɗu babu mai batir, ga rediyon da ake jiran mai gyara tun zamanin wani gwamna. Taɓa ɗaya ka ji: “Ajiye min kayana, wata rana zai yi amfani.” Mazubi dai mun tanada, abin zubawa ne muke jiran Allah ya kawo.

In kuma buhun ya samu shigowa, sai a buɗe sabon babi. Maigida ya kawo buhu, a ransa ya gama da maganar abinci sai bayan salla. Ba a yi nisa ba a tare shi da, “Malam, masara fa ta yi ƙasa.” Ya dafe ƙirji: “Wace masarar? Wadda na kawo shekaranjiya?” Alhali lissafin a fili yake. Buhun da ke cin kwano arba'in, a gidan da ake sa kwano biyu kullum, kwana ashirin ne ya tashi, ba a ma sa baƙi da almajirai da kunun mai jego a lissafi ba. Amma mu ba ma son ƙirga abinci, gani muke ƙirge na kore albarka. Daga nan maigida ya sayo kwaɗo ya garƙame sito, ya sa makulli a aljihu ya tafi kasuwa, ya manta cewa tun ranar da aka sayo kwaɗon makullansa uku ne. Ita kuma uwargida, duk awon da aka ba ta sai ta cire hannu guda ta zuba a wata tukunya da ita kaɗai ta san inda take. Kada kowa ya kira wannan sata. Ranar da maigida ya dawo hannu rabbana, ya zauna a zaure ya rasa ta cewa, daga tukunyar nan tuwo ke fitowa, a kawo masa a rufe, ya ci ya yi hamdala, bai tambaya ba, ba a gaya masa ba. Aure da yawa a unguwar nan wannan hannu gudan ne ke riƙe da su.

To, ga ajiya ta samu, saura masu tayin ci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muke jingina buhu da bango a kan siminti mai sanyi, mu zuba masarar da ba ta gama bushewa ba, sannan mu yi mamakin fumfuna. Ita kuwa fumfunar masara da gyaɗa ba ɓata ɗanɗano kawai take yi ba, akwai wadda ke haifar da guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Tsofaffi sukan ciza ƙwaya su ji ta ce ƙas kafin su yarda a ɗure ta. Wake kuma sai su cuɗe shi da toka ko yashi mai laushi, wasu su sa busasshen barkono ko ganyen darbejiya. Mu 'yan zamani muka ce wannan wahala ce, muka koma yayyafa fiya-fiya da jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhun da ke cikin ɗakin da yara ke kwana, abin da ya sha jawo asarar rayuka. Ga hanya mai sauƙi an kawo mana har gida: buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ake kira PICS, da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara aikinsa tare da takwarorinsu a Marwa ta ƙasar Kamaru, aka shiga yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba ya son magani ko kaɗan. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu. Jarka mai murfi ko duro mai rufuwa gam su ma haka suke aiki. Amma mu sai mu saya, mu ɗaure, jibi a kwance a ɗebi na alala, gata a kwance a ɗebi na ƙosai, a bar bakin a sake, in ya ɓuɓɓuge a ce ai buhun jabu ne.

Da firiza ta shigo gari, wasunmu suka fara yi wa kauɗa kallon abin ƙauye. Aka markaɗa kayan miya bokiti-bokiti aka danna, aka jera nama da kaji. Sai ga watan Oktoban 2024, aka lalata layin wutar da ke kawo lantarki Arewa, jihohi da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, ƙanƙara ta zama gwal. A makon nan Hajiya mai firiza biyu ita ce ta aika gidan Gwaggo a sam mata busasshiyar kuɓewa. Gwaggo kuwa ko a jikinta, don ajiyarta ba ta san wata wuta ba sai rana: kuka, karkashi, kauɗa, busasshen tattasai, gabu, zogale, tsamiya, kanwa, daddawa, ƙuli-ƙuli, bandar kifi, garin kwaki, ga man shanu a kwalba. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu ne fa mutanen da suke soya naman layya ya bushe ƙarau, a zuba a samira, a yi ta gutsura, har a ajiye jelar rago ta kai daren cika-ciki a watan Muharram, kusan wata guda ke nan. Wanda ya iya wannan ba ya buƙatar a koya masa tanadi, tuni kawai za a yi masa.

Inda muka fi sakaci shi ne abin da ba a taunawa. Za a tara hatsi a manta da ruwa, alhali yunwa na ɗaga ƙafa, ƙishirwa ba ta yi. Ƙungiyoyin agaji suna lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Gida mai mutum goma ke nan jarka shida 'yar lita 25 kullum. Mu kuwa duronmu ɗaya, murfinsa ya zama faifan shanya, sai ranar da mai ruwa bai zo ba a bi yara da bokitai gida-gida. Magani ma haka. Kowane gida akwai ledar nan mai cike da ragowar ƙwayoyin da ba wanda ya san na mene ne, wasu wa'adinsu ya wuce tun tuni, amma maganin hawan jinin Baba ko na ciwon sukarin Inna sai ƙwaya ta ƙarshe ta shiga baki ake tunawa. Haɗin ruwan gishiri da sukari, wanda ke ceton yaro mai gudawa cikin dare, ba ya cin komai: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Abin da bai kamata a ajiye ba kuwa shi muka fi ƙwarewa a kai. Da an ji ƙishin-ƙishin za a yi wahalar mai, sai jarkar fetur ta shigo gida, a ɓoye ta a lungun da ke kusa da murhu, don can ne ɓarawo ba zai duba ba. Jama'a, wannan ɗaya dai mu bar ta, gobara ba ta da kara.

Mutanen Maiduguri sun ƙara mana wani karatu a watan Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kamar yadda ta taɓa yi a 1994. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Wani tashin hankalin a gida yake tsare ka, wani kuwa fitar da kai yake yi daga kai sai kayan jikinka. Saboda haka buhu a ɗora shi kan katako ko benci, takardun gida da na makaranta da katin shaida a haɗa su a leda guda a inda hannu zai kai cikin duhu, tare da 'yan kuɗi a hannu da lambar 'yan uwa a rubuce a takarda. Yanzu dai in ka tambayi takardar haihuwar Auta a gidajenmu, sai an zazzage akwati uku.

Saura babbar ƙofar da ajiyarmu ke zurarewa, wadda ba kwaɗon da ke rufe ta. Ana sallama, ka ga yarinya da kwano a bayanta tana wasa da bakin mayafi: “Wai in ji Mama, tana gaishe ki, a ara mata gero kwano ɗaya, in Baba ya dawo za a kawo.” Kowa ya san ba za a kawo ba, mai aikowa ta sani, mai bayarwa ta sani, amma sai an ce aro don kada fuskar kowa ta zube. A cika kwanon har ya yi tozo, a ɗora ɗan ƙullin kuka a kai, a ce, “Ki ce ina amsawa.” Haka buhun wata uku ke komawa na wata biyu: Kawu ya zo daga ƙauye a ƙulla masa, an yi rasuwa a layi a kai gudummawa, almajiri ya yi bara a zuba masa. Wani mai lissafin boko zai ce wannan ɓarna ce. Ni kuwa na ce ita ce ajiyar da ƙwaro ba ya ci, ruwa ba ya tafiya da ita. Ranar da naka ya ƙare, ɗanka ne zai ɗauki kwanon nan ya nufi gidan. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta saboda tsadar abinci. Raba shi ga mutum sama da miliyan 200 ka gani, kowa bai wuce gwangwanin madara ɗaya ko biyu ba. Rumbun hukuma na da ranarsa, amma kafin motarsa ta iso lungunmu, maƙwabci ne ke ɗora mana tukunya. A ƙauyukan Nijar da yawa ma sun mayar da abin na gari, suna da rumbun tsimi, a saya da kaka a ajiye, in damina ta matsa a sayar wa mutanen gari da rangwame. Wannan daban yake da na mai danne hatsi a sito yana jiran jama'a su galabaita ya tsawwala, wanda addini ya hana, mu ma ba ma gaishe shi da daɗin rai.

Don haka in kaka ta zo, mu ɗan canza hali kaɗan, ba da yawa ba. Mai ƙarfin buhu ya sayi buhu, mai ƙarfin kwano ya sayi kwano, wanda ba shi da ko ɗaya ya haɗa kai da mutum uku su yi adashin hatsi, mai hannu guda kuma ta ci gaba da cire hannunta, Allah ya yi mata albarka. A shanya ya bushe, a ɗaure da kyau, a ɗaga daga ƙasa, a fara cin tsoho kafin sabo. Manomi ya fitar da zakkarsa tun a masussuka. A yi lissafin bakunan da ke gida ba tare da tsoron albarka za ta gudu ba, sannan a ƙara bakin mutum biyu a kai, don yarinyar nan mai kwano tana nan tafe, kuma mun san ba za mu iya ce mata babu ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ci mu bar saura, ya raba mu da ranar da za a nema a gidan kowa a rasa.